Gargaɗi ga 'yan biɗa na Ƙonni, Malbaza da Illela: a duba takardar inshora kafin a biya

Jama'ar Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Dogarawa, Galmi, Malbaza, Badagishiri da Illela, a kasa kunne. Gero ya shiga rumbu, samari sun fara ɗaure kaya. Wasu Abijan suka nufa, wasu Akara da Kumasi, wasu Legas ta Illelar Najeriya, wasu kuma arewa ta Agadas. Kafin kowa ya zaro kuɗin guzurinsa ya miƙa wa mai sayar da takardar inshora, wadda mu a nan muke ce wa asirans, ya tsaya ya ji wannan magana.

Inshorar tafiya da ake sayarwa da araha, an tsara ta ne saboda mai ziyara da ɗan kasuwar da zai je ya juyo cikin 'yan makonni. Galibinta ba ta wuce kwana 90. A shafin baya kuma, cikin ƙananan haruffan Faransanci, an cire aikin ƙarfi: gini, dako, haƙar zinariya, aiki da injuna. To ɗan biɗa me ya je yi in ba wannan ba? Wanda ya faɗo daga bene a wurin gini a Abijan, in ya kira kamfani, amsar da zai ji ita ce haɗarin aiki ba ya cikin yarjejeniya. Haka ake cire ciwon da mutum ya bar gida da shi, kamar hawan jini da ciwon suga, ake cire ƙasashen da ake yaƙi a cikinsu. Nan ne araha ba ta ado.

Don haka farashi ya zama tambayarka ta ƙarshe. Ka ce a nuna maka a rubuce sunan ƙasar da za ka, da ranar da takardar za ta mutu, da irin aikin da za ka yi. Ka ce a nuna maka inda aka rubuta cewa za a dawo da kai gida in ciwo ya kwantar da kai. Na san ba mai son a yi masa zancen jinya da gawa ranar sallama da iyali, amma kuɗin dawo da majinyaci daga bakin teku ya sha cinye shanu da gona. In ba ka karanta Faransanci, ka tafi da wanda ya iya, wanda ba shi da kamasho a cinikin.

Kada kuma a ruɗe ku da katin mai ruwan ƙasa na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da direbobi ke nunawa a kan iyaka. An kafa shi a 1982, kuma na mota ne: ɓarnar da motar ta yi wa wasu a wata ƙasa yake biya. Da ka sauka a tasha, ba ruwansa da kai. Su ma direbobi su koma kamfaninsu su tambayi matsayin katin, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025.

Wajen saye, kamfani mai lasisi ko wakilinsa mai ofis kawai za a nufa, irin su SUNU, Leyma, CAREN da NIA. Ba talla nake musu ba, su ma sai ka karanta abin da suka rubuta. Nijar tana ƙarƙashin dokar inshora ta haɗin gwiwar ƙasashe mai suna CIMA, wadda aka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992, kuma sashe na 13 na dokar ya tanadi cewa inshora ba ta fara aiki sai kuɗi ya shiga hannun kamfani. Abin da ka damƙa wa ɗan kamasho a tasha, in ya tsaya a aljihunsa, ba ka sayi kome ba sai takarda. Ka karɓi rasit mai hatimi da lambar yarjejeniya, ka kira kamfanin da bakinka ka ji ko sunanka yana wurinsu. Masu ƙyamar inshora saboda addini su tambayi takaful, inshora bisa tsarin Musulunci, wanda CIMA ta yi wa doka tun 2019.

Sau da yawa abin da ya fi sauƙi yana can inda za ka. A Kodibuwa akwai CMU, inshorar lafiya ta gwamnati da dokar 2014 ta wajabta wa duk mazaunin ƙasar, har da baƙo. Jika guda ce a wata ga mutum ɗaya, sefa 1,000, kuma tana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin tsarinta. Ba ta fara aiki ranar rajista, akwai lokacin jira, saboda haka a yi ta da isa, kada a bari sai zazzaɓi ya kayar. Ba ta aiki a wajen ƙasar, ba ta kuma dawo da kowa gida. A Ghana ma akwai irinta, NHIS, tun 2003, mai takardar zama ya je ya tambaya.

Wanda aka yi wa alkawarin aiki a Saudiyya ya sani, doka can ta ɗora wa mai ba da aiki inshorar lafiyar ma'aikacinsa. Dillalin da ya ce ka biya ta daga aljihunka, a tuhume shi. A kai kwangilar ofishin hukumar samar da aikin yi, ANPE, ko na masu duba ƙwadago a Tawa kafin a sa hannu. Inshorar da ke cikin bizar Umra ta mai ibada ce, tana ƙarewa da bizar, ba ta rufe wanda ya maƙale yana aiki. Ta Yuro 30,000 da ake nema wajen bizar Turai ita ma ta mai ziyara ce.

Sai 'yan arewa, kuma ku na fi ji wa tsoro. Wanda ya shiga Aljeriya ko Libiya ba takarda, babu kamfanin da zai biya masa ko sisi. Jami'an Aljeriya suna sauke mutane a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Duk wanda ya ce yana da takardar da ta rufe wannan hanya, ɓarawo ne, a kai maganarsa ga mai gari ko jandarmomi. Abin da ke ceton mutum a can shi ne asusun 'yan garinsu. Da ka isa ka nemi shugaban 'yan yankin Adar ko na 'yan Ƙonni, ka shiga zubi, ka yi katin ofishin jakadancin Nijar in akwai shi kusa.

Iyaye, kada yaro ya fita sai ya bar muku kwafin takardunsa da lambar kamfani da ta mai masaukinsa. Shi ma ya ɗauki hotonsu a waya. Yawancin kamfanoni suna sharɗanta a kira su kafin a shiga asibiti ko da zarar an shiga, in aka makara su ƙi biya, don haka abokin tafiya ma ya riƙe lambar. Limamai da masu gari, don Allah a isar da wannan ranar Juma'a da ranakun kasuwa, tun motoci ba su cika ba.