Horar da Karnuka a Ƙasar Adar: Abin da Ya Kawo Sana'ar da Inda Za Ta Kai Mu

Kiwon kare ya daɗe a Adar. Mafarauci yana da nasa na korar zomo, makiyayi yana da na tsaron garke, mai garka yana da na hana ɓarawo tsallake shinge. Abin da yake sabo shi ne mutum ya ce horar da kare ne aikinsa, a kawo masa kwikwiyo ya koya masa zama da tashi da gadi, a biya shi. Sana'ar ta fi ƙarfi a manyan birane irin su Yamai da Abuja da Legas, amma dalilan da suka haife ta suna nan a birnin Tawa da ƙauyukan da ke kewaye da shi, har da ƙaramar hukumar Bambeye.

Dalili na farko shi ne ci-rani. Da an gama girbi, majiya ƙarfin Adarawa kan kama hanyar Abijan ko Libiya ko Najeriya, a bar mata da yara da tsofaffi da rumbu da 'yan awaki. Gidan da ba namiji wata shida yana buƙatar mai jin motsin dare. Na biyu rashin tsaro ne. Harin da aka kai ƙauyukan yankin Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, ya girgiza jahar Tawa baki ɗaya, ga kuma satar dabbobi. Kare ba ya tare mai bindiga, amma haushinsa kan tayar da mai barci. Na uku wayar hannu ce: matashi na kallon bidiyon karnukan 'yan sanda a Facebook da TikTok, ya ga akwai abinci a harkar.

A nan ne kuskure yake fara shigowa. Da yawa suna ɗauka kare mai daraja sai na ƙetare, irin su karen Jamus da Rotwaila. Waɗannan suna cin abinci mai yawa, kuma suna wahala a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Alhali arewa da mu, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai karen Azawak da Abzinawa ke kira oska: siriri, mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, mai juriyar zafi da gudu, wanda ba ya sakin jiki da baƙo. A shekarun 1970 aka kai shi Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta amince da shi cikin jerin karnukan farauta. Irin da duniya ke nema yana kwance a inuwar bukkokinmu.

Shi kansa horon ba duka ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: watanni ukun farko ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da yara da tumaki da ƙarar babur. Gwanin mai horo yakan fito da sassafe ko da la'asar sakaliya, da ɗan busasshen nama a aljihu. Ya ce "zauna", da gindin kwikwiyon ya taɓa ƙasa ya miƙa masa lomar nan take. Minti biyar zuwa goma ya isa, gobe a maimaita da kalma iri ɗaya. Shi kuwa karen da aka ɗaure a rana da sarƙa, ana hana shi abinci don ya yi zafi, ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara.

Ta fuskar addini, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo idan an ambaci sunan Allah, hadisi kuma ya ba da izinin ajiye kare don farauta da kiwo da noma. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Sayar da shi ne malamai suka yi saɓani a kai, don haka mai shiga sana'ar ya nemi fatawa kafin ya haɗa horo da ciniki.

Amfanin a fili yake: aiki ga matashin da ba ya son tafiya ci-rani, da kwanciyar hankali ga masu gida. Haɗarin kuma babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan karnuka suka ƙaru ba tare da rigakafi ba, wannan sana'a za ta jawo makoki. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar cutar. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti ran nan, kada ya tsaya jiran alama, domin in ta bayyana magani ya ƙare.

Saboda haka, matashin Bambeye da ke son wannan aiki ya fara zama da tsofaffin mafarauta da makiyaya, ya ƙulla hulɗa da likitan dabbobi, kuma kada ya karɓi karen da ba shi da takardar rigakafi. Hukumomin gari su ma su yi rajistar masu horon tun suna 'yan kaɗan, su riƙa kai allurar haukan kare ƙauye-ƙauye kamar yadda ake kai ta shanu.