Alkalawa: Birnin da aka kafa da cin amana, aka rasa shi da cin amana

Wanda ya bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ko ya ratsa ta Gangara, yana tafiya ne a kan ƙasar da manyan birane biyu suka taɓa mulka, wato Birnin Zamfara da Alkalawa. Yau duk sun zama kufai, kuma dalilin faɗuwarsu kusan ɗaya ne.

A ƙarni na 18, Gobirawa suka gangaro daga arewa suna neman ƙasar noma. Sarakunan Zamfara suka karɓe su, suka ba su wuri a bakin Gulbin Rima. Ana ruwaito cewa wurin gonar alƙalin Zamfara ce, shi ya sa ake kiransa Alkalawa.

Baƙin suka yi yawa, suka yi ƙarfi. Wajajen 1762, Sarkin Gobir Babari ya juya wa masu masaukinsa baya, ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Sarkin Zamfara Maroki ya tsere zuwa Kiyawa, Alkalawa ta zama babban birnin Gobir.

Bayan kimanin shekara 40 sai reshe ya juye da mujiya. Ana ruwaito cewa Yunfa ya yi karatu a wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Amma da ya hau gadon sarauta, sai ya fara ganin jama'ar Shehu a matsayin barazana. Aka kai hari Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka kama mutanensa. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma a shekarar aka fatattaki rundunar Gobir a Tabkin Kwatto.

Zamfarawa ba su manta da abin da Babari ya yi musu ba. Da yawansu suka mara wa masu jihadi baya a farkon yaƙin. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alkalawa, aka kashe Yunfa.

Ko bayan nan rigimar gida ba ta ƙare ba. Saɓani da masu mulki a Tsibiri, da ke Nijar a yanzu, shi ya sa Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni.

Yau da ake ƙulla sulhu a wannan yanki ana warwarewa, tarihin Alkalawa na tunatar da cewa wanda aka ci amanarsa ba ya mantuwa, kuma jikoki ne kan biya bashin.