Gani ya kori ji: ɗalibin da aka bari da kifi kwana uku da malamin da ya kai aji bakin tafki

A ƙarshen shekarun 1850, wani matashi mai suna Samuel Scudder ya shiga sashen kimiyya na Jami'ar Harvard da ke Amurka da buri guda, wato ya karanci ilimin ƙwari. Ya riga ya kammala Kwalejin Williams a 1857, kuma takanas ya zo saboda malami ɗaya, Louis Agassiz, wanda a lokacin babu masanin dabbobi da ya kai shi suna a ƙasar. Abin da aka miƙa masa a ranar farko shi ne mataccen kifi da aka tsamo daga wata ƙatuwar kwalba mai cike da barasar adana gawar dabbobi. Malamin ya ce ya duba kifin, zai dawo ya tambaye shi abin da ya gani, sannan ya yi tafiyarsa.

Scudder ne da kansa ya ba da wannan labari a wata mujalla a 1874, 'yan watanni bayan rasuwar malamin. Har gobe malaman jami'o'i suna ba sababbin ɗalibai labarin su karanta. Sai dai akwai ɓangaren tarihin da ba a cika haɗawa da shi ba, kuma shi ne ya fi shafar mutanen Afirka.

Minti goma, sai takaici

A cewar Scudder, cikin minti goma ya ɗauka ya gama ganin duk abin da ke jikin kifin. Ya tashi neman malamin, aka ce masa ya fita. Da ya dawo ya tarar kifin ya bushe, dole ya sake zuba masa barasa. Rabin awa ta wuce, awa ta wuce, wata ta biyo baya. Ya juya shi ta ciki, ta baya, ta gefe, ya zura masa ido a fuska, babu wani sabon abu sai wari. An hana shi amfani da kowane irin kayan aiki, har gilashin ƙara girman abu. Hannuwansa biyu da idanunsa biyu kawai aka bar masa.

Bayan abincin rana, don rashin abin yi, ya tura yatsa cikin bakin kifin ya ji kaifin haƙora, ya kuma fara ƙirga ɓawon jikinsa layi-layi. Daga nan dabara ta faɗo masa, ya ɗauki fensir ya soma zana kifin. A nan ne ya lura da abubuwan da idonsa ya yi ta tsallakewa tun safe. Da Agassiz ya dawo ya yaba da zanen, ya nuna masa cewa fensir yana taimaka wa ido gani. Amma da ya saurari bayanin ɗalibin, sai ya ce har yanzu bai ga abin da ya fi fitowa fili a jikin kifin ba, ya sake dubawa.

Scudder ya ce abin ya ƙona masa rai, ya kuma ba shi kunya. Ya kwana yana tunanin kifin. Washegari da safe ya tambayi malamin ko abin da yake nufi shi ne cewa ɓangarorin kifin biyu daidai suke, gaɓoɓinsa kuma bibbiyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Amsar ke nan. Malamin ya yi murna, ya yi dogon bayani a kan muhimmancin wannan tsari, sannan ya sake barin sa da kifin.

Kwana uku ya yi da kifi ɗaya. A rana ta huɗu aka ajiye masa wani na dangin na farko, aka ce ya fitar da inda suka yi kama da inda suka bambanta. Haka aka yi ta ƙaro masa har danginsu suka cika teburi. Wata takwas ya shafe a kan kifaye kafin a bar shi ya taɓa ƙwari.

Ba shi kaɗai ya sha wannan ba. Nathaniel Shaler, wanda daga baya ya zama babban malamin ilimin duwatsu a Harvard, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa shi ma ƙaramin kifi aka ba shi a kwanon kwano, aka hana shi karanta littafi a kansa ko tattaunawa da kowa. Bayan mako guda yana aiki, malamin ya saurare shi ya ce bai yi daidai ba. Sai da ya ƙara wani makon kafin a gamsu.

Wane ne wannan malami

An haifi Agassiz a 1807 a ƙauyen Môtier da ke bakin tafkin Morat a Suwizalan. Ya yi karatu a Zurich da Heidelberg da Munich, ya kuma zauna a Paris tare da Georges Cuvier, jagoran masu kwatanta ƙirar jikin dabbobi a Faransa. A 1832 ya zama malami a Neuchâtel, inda ya yi suna da bincike a kan kifayen zamanin da da suka daskare cikin duwatsu. A 1837 ya gabatar da ra'ayin da ya girgiza masana, cewa akwai zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe babban ɓangare na Turai. Hujjarsa ita ce zane-zanen da ke jikin duwatsu da manyan duwatsun da ake samu nesa da inda suka fito, alamar cewa ƙanƙara mai tafiya ce ta ja su. Ya isa Amurka a 1846, Harvard ta ɗauke shi aiki, a 1859 kuma ya kafa gidan adana dabbobi na jami'ar.

A wancan zamani, karatu a kwalejojin Amurka hadda ce. Ɗalibi ya karanta shafukan da aka ba shi, washegari ya biya wa malami. Agassiz ya ɗauka cewa wanda aka gaya wa amsa zai iya maimaita ta, amma ba zai iya gano sabuwa ba. Shi ya sa yake janye littafi daga hannun sabon ɗalibi har sai idonsa ya koyi aiki.

Aji a bakin tafki

Irin wannan tunani ne ya sa a tsakiyar watan Yunin 1848 ya kwashi ayarin ɗaliban Harvard da wasu masana suka bar Boston zuwa tafkin Superior, wanda ke kan iyakar Amurka da Kanada. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 82,000, kuma babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi a duniya. Sun bi ta Niagara da Detroit har zuwa Sault Sainte Marie, ƙofar shiga tafkin. Daga nan suka shiga wani babban jirgin ruwa na katako da kwalekwale na ɓawon itace, suka bi gaɓar arewa har Fort William.

Rayuwar zango ce ta gaske. Da yamma a ja jirage bakin ruwa, a kafa tanti, a hura wuta. Sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo sun addabe su, iska kuma takan tsare su a wuri ɗaya har sai ruwa ya kwanta. Matuƙan jiragen, waɗanda suka haɗa da 'yan ƙabilar Ojibwe da masu jin Faransanci na Kanada, su ne suka san hanya da halin tafkin, kuma da ƙarfinsu aka yi tafiyar.

Agassiz ya tafi da allo na musamman, wani ƙyalle da aka shafa wa fenti ana naɗe shi a jikin sanda. Duk inda aka ya da zango sai ya warware shi ya yi lacca a kan abin da aka gani a ranar: kifin da aka kama, itatuwan da suka sauya yayin da ake ƙara yin arewa, ko zanen da ƙanƙara ta bari a jikin duwatsun gaɓa. Tsarin shi ne a fara gani, bayani ya biyo baya. Sun koma gida a ƙarshen Agusta, a 1850 kuma aka buga littafin tafiyar, wanda James Elliot Cabot ya rubuta labarin hanya a cikinsa.

Shekara goma bayan haka, a Agustan 1858, Agassiz ya sake kwana a bakin wani ƙaramin tafki mai suna Follensby a tsaunukan Adirondack na jihar New York, wannan karon tare da manyan marubuta irin su Ralph Waldo Emerson da James Russell Lowell. Su goma ne ban da 'yan jagora. A zanen da William Stillman ya yi na zangon, ana ganin wasu suna gwada harbi, shi kuwa Agassiz yana feɗe kifi a kan kututture. A shekararsa ta ƙarshe, 1873, ya buɗe makarantar bazara a tsibirin Penikese domin malaman makaranta, maza da mata, su koyi nazarin halittu a inda halittun suke.

Abin da tsarin ya haifar

Scudder ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan ƙwari na zamaninsa. Ya yi fice a nazarin fara da gyare da danginsu, da malam-buɗe-littafi, da kuma ƙwarin da suka daskare cikin duwatsu. Shi ne editan farko na mujallar Science bayan an farfaɗo da ita a 1883. Ya ce darasin kifin ne mafi amfani da ya taɓa samu a ilimin ƙwari.

Takaicin ɗaliban bai tsaya kan kifi ba. Agassiz yana ɗaukar duk aikin da aka yi a gidan adana dabbobinsa a matsayin mallakar gidan, kuma ba ya son ɗalibi ya buga bincike sai da izininsa. Tsakanin 1863 da 1864 da dama daga cikin haziƙan ɗalibansa suka bar shi. Addison Verrill ya tafi Jami'ar Yale, Scudder ya koma wata ƙungiyar masana a Boston, wasu huɗu kuma, Putnam da Packard da Hyatt da Morse, suka haɗu a garin Salem suka kafa mujallar American Naturalist a 1867. Wanda aka koya wa dogaro da idonsa, da wuya ya zauna yana jiran izini.

Inda idon malamin ya rufe

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya hana ɗalibansa yanke hukunci a kan kifi bayan minti goma, shi ne ya yanke hukunci a kan baƙar fata tun haɗuwarsa ta farko da su. A 1846 ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa yana bayyana ƙyamar da ya ji da ganin baƙaƙen ma'aikatan otel a Philadelphia. Daga nan ya rungumi ra'ayin cewa jinsunan mutane ba asalinsu ɗaya ba, an halicce su ne daban-daban, kuma wasu suna sama da wasu. Masu kare bauta a kudancin Amurka sun yi maraba da wannan, yayin da malaman addinin Kirista irin su John Bachman na Charleston, wanda shi ma masanin dabbobi ne, suka yi masa raddi da cewa 'yan Adam tushensu guda.

A 1850 Agassiz ya ziyarci gonakin bayi a jihar South Carolina, aka kuma ɗauki hotunan bayi bakwai dominsa, an tuɓe musu tufafi. A cikinsu akwai Renty da aka ce daga Kwango aka kamo shi, da 'yarsa Delia, da wani mai suna Alfred da aka rubuta cewa Bafillace ne. An gano hotunan guda 15 a wani ɗakin ajiya na Harvard a 1976. A 2019 wata 'yar Amurka da ke cewa ita jinin Renty ce ta kai jami'ar kotu, a watan Mayun 2025 kuma Harvard ta amince ta miƙa hotunan ga gidan tarihin baƙar fata da ke Charleston.

Ko a fagen da ya fi ƙwarewa, son ransa ya taɓa rinjayar idonsa. A tafiyarsa ta Brazil tsakanin 1865 da 1866 ya ce ya ga alamun cewa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe kwarin Amazon, abin da masana suka tabbatar ba haka ba ne.

Garin Neuchâtel, inda ya fara suna, ya ɗauki nasa matakin. A 2019 aka cire sunansa daga filin da ke gaban ɗaya daga cikin sassan jami'ar garin, aka sa sunan Tilo Frey. An haife ta a Maruwa da ke arewacin Kamaru a 1923, mahaifinta ɗan Suwizalan, mahaifiyarta Bafillatana, kuma tana cikin matan farko da suka shiga majalisar dokokin ƙasar a 1971.

Abin da ya rage wa ɗalibin yau

Matashin da ya saba da malami yana karantowa shi yana kwafa, idan ya tafi karatu waje ko ya kai matakin rubuta kundi, yakan haɗu da malamin da zai ba shi tambaya ya juya baya. Abu na farko da ke zuwa rai shi ne malamin ba ya son koyarwa, ko ya raina shi. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Ana gane bambancin da abu ɗaya: Agassiz yana dawowa kullum, ya saurari ɗalibin, ya gaya masa bai kai ba tukuna, kuma idan ya gano abin, ya ƙara masa kifi na biyu. Malamin da ya tafi bai waiwayo ba sakaci ya yi.

Tsarin kansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Fensir da takarda da haƙuri sun isa, kuma bakin tafkin Madarunfa ko na Tabalak yana da kifi da tsuntsaye da tsirrai da za su riƙe aji na mako guda. Sharaɗin kawai shi ne a yi wa maganar malami irin duban da aka yi wa kifin, a juya ta dama da hagu, a kwatanta ta da wata, kafin a ɗauka.