Daga Aljihun Wa Cin Hancin Kamfanoni Ke Fitowa?

Galibin mutane idan aka ambaci cin hanci, abin da ke fara zuwa zuciyarsu shi ne 'yan kuɗin da direba ke miƙawa a shingen hanya, ko abin da ake cusa wa akawu don ya nemo fayil ɗin da ya ce ya ɓata. Wannan kam cin hanci ne, kuma laifi ne. Amma akwai wani iri wanda talaka ba ya gani da idonsa, ga shi kuwa ya fi ci masa dukiya. Shi ne wanda manyan kamfanoni ke bayarwa domin su sami kwangilar gwamnati. A ɗakunan taro da manyan otal ake ƙulla shi, ta bankunan ƙasashen waje ake biya, a kan takarda kuwa a kira shi ladan shawara ko kamasho.

Maƙasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a yadda ake yin irin wannan cin hanci, da wanda ke ɗaukar hasararsa, da abin da doka ta tanada a kansa. Za a kafa hujja da shari'a guda wadda kamfanonin da ke cikinta suka amsa laifinsu da bakinsu.

Abin Da Ya Faru A Tsibirin Bonny

Tsibirin Bonny yana bakin teku a Jihar Ribas. A can aka gina masana'antar da ke sanyaya iskar gas har ta zama ruwa, girmanta ya ragu kamar sau 600, sa'an nan a ɗura ta cikin jiragen ruwa zuwa kasuwannin duniya. Kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, shi ke da kashi 49 cikin 100 na kamfanin da ya mallaki masana'antar. Ke nan kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙi a cikinta.

Tsakanin 1995 da 2004 an ba da kwangiloli huɗu na gina ta da faɗaɗa ta, waɗanda kuɗinsu ya haura dala biliyan 6, watau miliyan dubu 6. Duka huɗun sun faɗa hannun ƙungiya guda ta kamfanoni huɗu: KBR na Amurka, wanda a mafi yawan shekarun nan yake ƙarƙashin Halliburton, da Technip na Faransa, da Snamprogetti na Italiya, da JGC na Japan.

Kamfanonin ba su miƙa wa kowa kuɗi da hannunsu ba. Sai suka ɗauki 'yan tsakani biyu. Na farko wani lauya ne a birnin Landan mai suna Jeffrey Tesler. An zuba wa kamfaninsa da ya yi wa rajista a Jibralta kimanin dala miliyan 132, ta asusun banki a Suwizalan da Monako, domin ya ji da manyan jami'ai. Na biyu kamfanin ciniki ne na Japan mai suna Marubeni, wanda aka ba fiye da dala miliyan 50 domin ƙananan jami'ai. Jimla ta kai kimanin dala miliyan 182. A cikin littattafan kamfanonin an rubuta kuɗin a matsayin ladan aikin ba da shawara. Tarurrukan da shugabanninsu ke yi don tsara rabon kuwa suka sa musu suna tarurrukan al'adu. Takardun kotu sun nuna cewa a 2002 an kai wa wani jami'i dala miliyan 1 tsaba cikin jaka a wani otal a Abuja.

Yadda Asiri Ya Tonu

Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2003 wani alƙalin bincike a Faransa ya fara bin sawun kuɗin, daga nan hukumomin Amurka suka shiga. A 2008 tsohon shugaban KBR, Albert Stanley, ya amsa laifinsa. A watan Fabrairu na 2009 KBR ma ya amsa, shi da Halliburton suka biya dala miliyan 579. A 2010 Technip ya biya miliyan 338, Snamprogetti da uwar kamfaninsa ENI suka biya miliyan 365. A 2011 JGC ya biya kusan miliyan 219, a 2012 Marubeni ya biya fiye da miliyan 54. An tasa ƙeyar Tesler daga Ingila zuwa Amurka, aka ƙwace masa kusan dala miliyan 149, aka ɗaure shi wata 21. Stanley ya sami ɗaurin wata 30. Abin da aka karɓa baki ɗaya ya haura dala biliyan 1.7, watau ya ninka kuɗin hancin fiye da sau tara.

Me Ya Kawo Amurka Cikin Maganar?

Mai karatu zai tambaya: laifin da aka yi a Nijeriya, me ya sa aka yi shari'arsa a wata ƙasa? Amsar tana cikin wata doka da Amurka ta kafa a 1977. Kafin wannan shekara, bincike ya nuna cewa kamfanoninta fiye da 400 sun biya kuɗin da ba su da gaskiya a ƙasashen waje, abin da ya haura dala miliyan 300. Abin kunyar kamfanin jiragen sama na Lockheed ya kai har aka kama tsohon Firayim Ministan Japan, Kakuei Tanaka, a 1976. Sabuwar dokar ta haramta wa kamfanin Amurka ba jami'in wata ƙasa cin hanci a ko'ina cikin duniya. Ta kuma shafi baƙon kamfanin da ke sayar da hannun jarinsa a kasuwar Amurka, da wanda ya aikata wani ɓangare na laifin a can. Ta wannan ƙofa aka kamo kamfanonin Faransa da Italiya da Japan.

Sauran ƙasashe sun daɗe ba su bi sahu ba. Har cikin shekarun 1990 akwai ƙasashen Turai da ke barin kamfani ya cire kuɗin hancin da ya bayar a waje daga ribar da za a yanka masa haraji. Yarjejeniyar ƙasashe masu arzikin masana'antu ta 1997 ce ta kawo ƙarshen wannan. Sai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, wadda Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da ita a 2004.

Wa Ya Yi Hasara?

Kamfani ba ya ba da cin hanci daga ribarsa. Yakan ɗora shi ne a kan kuɗin kwangila, mai aikin ya biya. Idan mai aikin gwamnati ce, to daga baitulmali kuɗin ya fito, watau daga rabon asibiti da makaranta da ruwan sha. Wannan ita ce hasara ta farko.

Ta biyu ita ce lalacewar aiki. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Jami'in da ya karɓa ba shi da sauran bakin ƙin sa hannu a kan aikin da bai cika ba. Ta uku kuwa ta faɗa kan ɗan kasuwa mai gaskiya, wanda ya kawo farashi mai sauƙi amma aka ture takardarsa.

Akwai ta huɗu wadda ba a cika lura da ita ba. Tarar da wata ƙasa ta ci kamfani, baitulmalinta take shiga, ba na ƙasar da aka cuta ba. A watan Disamba na 2010 Halliburton ya sasanta da Gwamnatin Tarayya a kan dala miliyan 35, abin da bai kai kashi 7 cikin 100 na abin da shi da KBR suka biya a Amurka ba. Kada kuma a ɗauka abin ya wuce da wancan zamani. A 2022 kamfanin cinikin mai da ma'adinai na Glencore ya amsa laifin ba da cin hanci a Nijeriya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka, wata kotu a Landan ta umarce shi ya biya kimanin fam miliyan 281.

Haka nan ba a dogara ga ɗan sandan maƙwabci. A watan Fabrairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a dakata da buɗe sababbin bincike ƙarƙashin dokar 1977. A watan Yuni na shekarar aka fito da sababbin ƙa'idoji, waɗanda suka mai da hankali ga laifuffukan da suka taɓa tsaron Amurka da kasuwancin kamfanoninta. Dokar tana nan ba a soke ta ba, amma ƙarfin aiki da ita ya danganta ga bukatar mai ita. Tsaron dukiyar Nijeriya aikin 'yan Nijeriya ne.

Abin Da Ake Nema Daga Kamfanoni

A da, shugaban kamfani yakan kuɓuta da cewa bai san abin da wakilinsa ya aikata ba. Dokar Birtaniya ta 2010, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 2011, ta toshe wannan kafa. Idan ma'aikaci ko wakili ya ba da cin hanci don amfanin kamfani, laifin ya hau kan kamfanin, sai fa in ya nuna cewa ya kafa isassun matakan hanawa. Dokar ta shafi duk kamfanin da ke wani ɓangare na kasuwancinsa a Birtaniya, ko da na Nijeriya ne.

Matakan ba su da wuyar ganewa. A bincika asalin kowane wakili kafin a ɗauke shi: wane ne shi, wa ke bayansa, wane aiki zai yi da ya cancanci ladan da ya nema? Kada a biya kuɗi tsaba, kada a biya cikin asusun wata ƙasa dabam da inda aka yi aikin. A rubuta kowane kashe kuɗi da sunansa na gaskiya. A sa iyaka ga kyauta da liyafa. A buɗe wa ma'aikata hanyar kai ƙara ba tare da tsoron kora ba. Da an yi wa ladan Tesler waɗannan tambayoyi da gaske, da bai wuce teburin akanta ba.

Wannan ƙa'ida ta sanin abokin hulɗa ita ce kuma ginshiƙin dokokin fitar da kaya masu haɗari, kamar makamai da abubuwan fashewa da na'urorin da ake iya juyawa zuwa aikin soja. Ƙasar da ke sayarwa tana so ta san hannun da kayan za su ƙare a ciki. A ƙasar nan, Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro shi ke ba da takardar shaidar wanda zai yi amfani da irin waɗannan kaya. Kamfanin da ya yi wasa da wannan yakan ɗanɗana kuɗarsa: a 2017 kamfanin sadarwa na ZTE na ƙasar Sin ya amsa laifin tura kayan Amurka zuwa Iran ta bayan fage, ya biya kimanin dala miliyan 892.

Abin Da Dokar Ƙasar Nan Ta Ce

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka dokar da ta kafa hukumar ICPC a 2000 ta yanka ɗaurin shekara 7 ga mai karɓa, haka nan ga mai bayarwa. Ta kuma wajabta wa ma'aikacin gwamnati da aka yi wa tayin cin hanci ya kai rahoto. Yin shiru kansa laifi ne. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ita ke bin sawun kuɗin ta bankuna. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta ce a yi talla a fili, a bar 'yan kwangila su yi takara. Dokar kamfanoni ta 2020 kuwa ta tilasta a bayyana ainihin masu iko da kamfani, don kada jami'i ya ɓuya bayan sunan ƙanensa ko direbansa ya ba kansa kwangila.

Wasu sukan ce ai kyauta al'ada ce. Gaskiya ne, kuma Tsarin Mulki na 1999 bai hana ma'aikaci karɓar kyautar 'yan'uwa da abokai ba, gwargwadon yadda al'ada ta sani. Amma ya ce duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauke ta a matsayin saɓa doka har sai an tabbatar da akasin haka. Ragon da ɗan kwangila ya aiko ranar Salla, alhali takardar biyansa tana kan teburin maigida, ba gaisuwa ba ce.

Aikin Kowa Da Kowa

Ba a taɓa ƙulla babban cin hanci da mutum biyu kaɗai ba. Akwai akantan da ya shirya takardar biya, da injiniyan da ya sa hannu cewa aiki ya kammala, da ma'aikacin bankin da ya tura kuɗin, da direban da ya ɗauki jaka. Kowannensu yana da ikon ya ƙi.

Ma'aikacin gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kamar yadda doka ta ce, ya kuma ƙi sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ɗan kasuwa ya nemi rasit a kan kowane kuɗin da ya biya hukuma. Mutanen gari su lura da allon da aka kafa a wurin aiki, su san sunan ɗan kwangila, su tambayi inda aka kwana idan aiki ya tsaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman takardun kwangila daga ma'aikata a rubuce. Wanda ya san wani abu ya kai rahoto ofishin ICPC ko EFCC mafi kusa, da hujjar da yake da ita. Tun watan Disamba na 2016 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 ga wanda bayaninsa ya sa aka ƙwato kuɗin jama'a. Amma a kiyaye ƙazafi, domin ƙarar ƙarya ita ma laifi ce.

Fiye da shekara 13 aka yi daga kwangilar farko ta Bonny zuwa ranar da kamfani na farko ya amsa laifinsa a kotu, kuma mafi yawan abin da aka karɓo bai dawo gida ba. Rigakafi ya fi magani. Wurin da ya fi sauƙin tsai da kuɗin jama'a shi ne teburin da ake sa hannu, tun ba su bar baitulmali ba.