Buga Zane a Jikin Riga da Injin Zafi: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Sa Jari

'Yan uwa da dama a nan Khaibar, musamman zawarawa da matasa, suna tambayarmu game da injin da ake buga suna ko zane da shi a jikin riga, ko zai iya riƙe gida. Amsarmu ita ce zai iya, da yardar Allah, amma fa ga wanda ya koya kafin ya karɓi kayan mutane.

Injin faranti biyu ne. Na sama yana ɗaukar zafi, na ƙasa shimfiɗa ce da ake ɗora riga. Idan aka danne, zafi ya narkar da gam ɗin da ke bayan zanen, ya kama zaren yadi. Abu uku ne ke riƙe da aikin: zafi, lokaci, da ƙarfin dannewa. Dutsen guga na gida ba ya haɗa ukun nan daidai, shi ya sa zanensa ke ɓamɓarewa bayan wanki kaɗan.

Zanen kansa iri-iri ne. Akwai ledar da ake yankawa, mai kyau ga suna da lamba; yawanci tana son zafin digiri 150 zuwa 160, daƙiƙa 10 zuwa 15. Akwai wanda ake kira DTF, da ake bugo shi a kan leda da launuka masu yawa, yana kama auduga da yadin roba duka. Sai sabilimeshan, wanda tawadarsa ke shiga cikin zare a wajen digiri 190 zuwa 200, kusan minti ɗaya. Wannan sai farin yadin roba, a kan auduga yakan koɗe. Kowane kaya yana zuwa da umarninsa, a bi shi.

Ga tsarin aikin. A fara danne rigar ita kaɗai na daƙiƙa biyar, laima ta fita, tamoji ya kwanta. Idan ledar yanka ce, a juya rubutun baibai tun a kwamfuta, in ba haka ba zai fito a karkace kamar a madubi. A daidaita shi daga wuya, a rufe da takardar da ba ta kamawa, sannan a danne. Wata ledar ana ɓare ta da zafinta, wata sai ta huce. A gaya wa mai riga kada ya wanke sai bayan kwana ɗaya, kuma ya riƙa juya ta ciki-bai.

Mun taɓa ɗanɗana kuɗarmu. An ba mu rigunan yara na walimar sauka, muka bar injin a kan zafin aikin jiya ba tare da gwaji ba. Yadin roba ne, sai ga shatin faranti yana ƙyalli a ƙirjin riguna da dama, ba wankin da zai fitar da shi. Daga aljihunmu muka biya. Tun ranar ba ma fara aiki sai mun gwada a ƙyalle. Madina ta fi kilomita 150 daga nan, kuma can ake samo yawancin kayan aiki, don haka asarar leda ɗaya tana jawo kuɗin mota. A kuma duba wutar gida: wasu tsofaffin gidaje har yanzu suna da soket mai bolt 127, injin kuwa yawanci 220 yake so, kuma a ba shi soket nasa shi kaɗai, nesa da yara.

Kasuwa takan buɗe gabanin Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, sai rigunan ƙwallo da jakunkunan masu dabino. A nan ne hattara ta zama dole. Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, kuma doka ta hana sa ta a kayan sayarwa. Ko babu doka, riga tana shiga banɗaki, tana faɗuwa ƙasa, tana haɗuwa da kayan dauɗa. Kada mu buga aya ko sunan Allah a kanta. Haka tambarin kamfanonin mutane: bugawa ba izini jabu ne, kuma ha'inci ne.

Na ƙarshe shi ne takarda. Baƙo mai iƙama ba ya da damar buɗe sana'ar kansa a ɓoye ko da sunan wani. Hukuncin yana kaiwa ga tara, ɗauri da kora. Wanda bai da hurumi ya koyi aikin a shago mai lasisi ta hanyar da doka ta yarda, ko ya riƙe ilimin don ranar komawa Kano ko Maraɗi. Kafin ku ci bashin sayen inji, ku zo mu zauna mu yi lissafi tare.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya ciyar da mu halal. Amin.