Albasa na Akara, mai ita na Galmi

Mai albasa yana Galmi, yaronsa yana bisa hanya, dillalinsa yana Akara ta Gana. Ba su ganin juna, amma aikinsu ɗaya ne. A da, sai saƙon baki ta hannun direba. Yau saƙon murya na WhatsApp ke kai farashi, ko wanda bai yi boko ba yana aikawa.

Mun tuna 2023, da aka rufe iyakar Benin: motoci suka maƙale, albasa ta ruɓe, uwar kuɗi ta salwanta. Wanda ya ji labari da wuri ya dakatar da lodi.

Don haka, ƴan kasuwa maza da mata, mu tsai da lokacin kira kullum. Mu fara da gaisuwa, mu tambayi iyali, lissafi kuwa mu rubuta a littafi. Shiru ke ɓata amana.