Labarin Masu Tsayawa Kan Haƙƙin Talakawa, Da Abin Da Ke Samunsu

  

Duk falken da ya saba da hanyar da ta tashi daga Kano, ta ratsa Kazaure da Daura, ta fita ta Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, ya san amana ce ke riƙe da hanya. Mai masauki ya tsare kayan baƙonsa, dillali ya faɗi gaskiyar ciniki, sa'an nan ayari ya ke wucewa lafiya. To, akwai waɗansu matafiya da ke bin irin waɗannan hanyoyi ba don fatauci ba. Kashi biyu ne. Na fari su ne ma'aikatan agaji, masu kai magani da abinci inda fitina ta sauka. Na biyu su ne masu kare haƙƙin ɗan Adam, watau masu bin diddigin zalunci, su rubuta shi, su kai shi gaban hukuma. Su ma amana ce garkuwarsu, gama ba su ɗauke da makami. A cikin shekarun nan an keta wannan amana sau da yawa, a Nijeriya da Nijar duka.

Aikin nan ba baƙo ba ne ga malamai. Masu sira sun ruwaito cewa wani falke ya zo Makka daga Yaman da hajarsa, Asu ɗan Wa'ilu ya saya, ya hana shi kuɗinsa. Falken ya hau dutsen Abu Ƙubaisu ya yi kururuwa. Sai waɗansu manyan Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi alkawari za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Shi ne Hilful Fuduli. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarce shi yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi. Ashe kuwa kukan ɗan kasuwa ne asalin wannan alkawari.

Haɗarin da ke kan magadan wannan aiki ta fuska biyu ya ke zuwa. Fuska ta fari ita ce ta masu bindiga. A watan Oktoba 2012 aka shiga garin Dakoro, cikin jihar Maraɗi, da dare, aka sace ma'aikata 6 masu taimakon yaran da tamowa ta kama. Ɗayansu, mutumin Cadi, ya rasu saboda raunin harbi, sauran 5 aka sako su a watan Nuwamba. Ran Juma'a 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka faɗa wa ƙananan asibitoci 2 a birnin Kano, suka kashe mata 9 masu ɗiga wa yara maganin shan-inna. Ran 1 ga Maris 2018 aka kai hari garin Rann, a ƙasar Barno, aka tafi da ungozomomi 2 da ke aiki da ƙungiyar Red Cross, Saifura Hussaini da Hauwa Liman. An kashe Saifura a watan Satumba, Hauwa kuwa a watan Oktoba na shekarar. Mata ne Musulmi, ba su kai shekara 30 ba, sana'arsu karɓar haihuwar matan da yaƙi ya kora daga gidajensu. Har wa yau, ran 9 ga Agusta 2020, aka kashe mutum 8 a Kure, kusa da Yamai: 6 Faransawa ne ma'aikatan agaji, 2 kuwa 'yan Nijar ne, direbansu da ɗan jagoransu.

Fuska ta biyu ita ce ta masu iko da waɗanda ke fakewa da duhu. Wannan ta fi faɗa wa masu magana. Abubakar Idris, wanda aka sani da Dadiyata, malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sananne wajen sukar masu mulki. A farkon Agusta 2019 waɗansu mutane suka ɗauke shi daga gidansa a Barnawa, Kaduna, shekaru suka shuɗe iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba. A watan Yuni 2020, bayan kisan da aka yi wa mutanen ƙauyukan Faskari, matasa suka fito zanga-zangar lumana a birnin Katsina. Aka kama jagoransu, Nastura Ashir Sharif, aka tsare shi a Abuja, sai bayan 'yan kwanaki aka sake shi.

A hayin iyaka kuma akwai Musa Cangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens ta Yamai, wadda ta daɗe tana magana a kan haƙƙin 'yan ci-rani. Mutanen ƙasar Daura sun san nauyin wannan magana, domin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a watan Oktoba 2013, a kan hanyar Aljeriya, galibinsu mata ne da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Kongolam. An tsare Cangari kwana 10 a watan Mayu 2015, bayan ƙungiyarsa ta bayyana wahalar da mutanen tsibiran tafkin Cadi suka sha sa'ad da aka tashe su. An sake kama shi ran 3 ga Disamba 2024, aka tuhume shi da goyon bayan ta'addanci, aka kai shi gidan yarin Filinge a watan Janairu 2025. A watan Fabrairu 2025 kuma mahukuntan Nijar suka umarci Red Cross ta duniya ta bar ƙasar.

Me ya sa a ke farautar wanda ba shi da ko sanda? Dalili na fari, shi shaida ne, azzalumi kuwa ba abin da ya ke ƙi kamar shaida. Na biyu, masu bindiga sun mayar da shi haja, a kama shi a nemi fansa. Na uku, shi ne mafi muni, jita-jita. Kafin a harbi mai ɗiga magani, sai da aka shekara da shekaru ana yaɗa cewa maganin yana hana haihuwa. Kafin a ɗaure mai magana, sai an fara kiransa ɗan leƙen asirin baƙi. Harshe shi ke share wa harsashi hanya.

Asarar kuwa a kan talaka ta ke ƙarewa. In an kashe ungozoma, asibiti ya rufe, mai naƙuda ta haihu a hannun Allah. In an ɗaure mai rubuta zalunci, falken da aka ƙwace wa kaya a shinge ya rasa mai jin kukansa. Dokokin duniya suna nan, tun daga yarjejeniyar Janiba ta 1949 har zuwa sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 9 ga Disamba 1998 a kan masu kare haƙƙi, amma takarda ba ta tare harsashi sai mutanen gari sun tsaya mata.

Nan ne malamai da 'yan kasuwa ke da rabo. Shari'a ta san hukuncin amana: wanda Musulmi ya ba aminci, jininsa da dukiyarsa sun haramta, manzo kuwa ba a kashe shi ko da na abokan gaba ne. Malami ya karantar da wannan a zaure da kan mumbari, ya kuma tsawata wa mai yaɗa labarin da bai tabbatar ba, kamar yadda Suratul Hujurati ta yi umarni da bincike. Fatake kuwa su ne ke kai labari daga kasuwar Mai'aduwa zuwa Matamaye kafin rediyo ya faɗa, saboda haka su auna abin da su ke ɗauka a baki kamar yadda su ke auna hatsi. Mai masauki ya riƙe ma'aikacin agaji yadda ya ke riƙe baƙonsa falke. Wanda aka ɗaure don ya faɗi gaskiya, a riƙa ambaton sunansa, a leƙa iyalinsa, gama mantuwa ita ce kurkuku na biyu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya zaunar da ƙasashen nan biyu lafiya. Amin.